Tafiya da Ƙafa a Birnin Bello

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya sanya hanyoyi a cikinta domin bayinSa su yi tafiya su lura. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Bayan haka, akwai wata al'ada da ta kafu a tsofaffin manyan biranen Turai, wadda duk mai leƙa intanet ya sha cin karo da hotunanta. Baƙo zai sauka a Rum ko Landan ko Faris, ya ajiye kayansa a masauki, ya zura takalmi mai daɗin taku, sa'an nan ya bi ɗan jagora lungu-lungu tun daga hantsi har la'asar. Ga motoci ga jiragen ƙasa birjik, amma ya zaɓi ƙafa. Dalili kuwa shi ne, mota tana sauke mutum a inda ya nufa, ta ɓoye masa duk abin da ke tsakani. Mai tafiya a ƙasa shi ke jin hawa da gangara a gwiwarsa, shi ke ganin inda hanya ta ƙuntata da inda ta buɗe, har ya soma tambayar kansa: me ya sa aka kafa garin nan a nan, ba a can ba? A Landan ma, tun 1866 suka ɓullo da tsarin liƙa allo a jikin gidan da wani sananne ya taɓa zama, ɗauke da sunansa da shekarunsa, su ne shuɗayen allunan nan da yanzu suka kai kimanin 1,000. Ɗan makaranta yana wucewa zai ɗaga kai ya karanta, ya koma gida da tambaya a bakinsa.

Na ga matasanmu da dama suna tura wa juna irin waɗannan hotuna, ana cewa Allah Ya kai mu. Amin. Babu laifi a son ganin duniya, domin Alƙur'ani mai girma ya yi kira a wurare da yawa ga tafiya a bayan ƙasa da ɗaukar izina daga al'ummun da suka shuɗe. Sai dai wannan kira bai ce sai da biza ba. Mu mutanen gabashin Sakkwato, daga Gandi zuwa Raba, daga Goronyo zuwa Acida, muna da garin da aka taɓa juya ɗaya daga cikin manyan daulolin Afirka na ƙarni na 19 daga cikinsa, kuma kuɗin motar zuwa can bai kai na katin waya na mako guda ba a wurin wasunmu. Wannan gari shi ne Wurno. A kansa nake so mu yi magana yau, da abin da ƙafa take koya wa mutum a cikinsa, wanda littafi kaɗai ba ya koyarwa.

Mu ɗan ratsa ta Madrid

Kafin mu isa Wurno, ya mai karatu, bari mu ɗan ratsa ta wani birnin Turai, domin labarinsa ya yi kama da namu ta inda ba a zato. Da yawanmu ba mu san Madrid, babban birnin Sifaniya, ba sai ta wajen ƙwallo. Wani ɗan baffana da ya yi karatu a ƙasar ya ba ni labarin cewa, idan ka bi ta gefen fadar sarki ka zagaya bayan babbar majami'ar da ake kira Almudena, za ka gangara cikin wani ɗan lambu inda aka killace guntun tsohuwar ganuwa ta duwatsu. Sunan lambun shi ne na wani sarki Musulmi, wato Muhammadu na Ɗaya, sarkin Ƙurɗuba, wanda ya yi mulki daga 852 zuwa 886.

Wannan sarki shi ya gina sansani a kan tudun da ke kallon kogin Manzanares, domin tsare hanyar da ta nufi birnin Toledo daga hare-haren da ke zuwa ta arewa. Larabawa suna kiran wurin Majriɗ, daga nan sunan Madrid ya samo asali. Ita kanta kalmar Almudena daga Larabci take, wato ƙaramin birni mai kagara. Garin ya fitar da malamai, mafi shahara a cikinsu shi ne Maslama al-Majriɗi, masanin lissafi da taurari, wanda ya rasu a wajejen 1007. Ya fita daga hannun Musulmi a wajejen 1085, zamanin sarki Alfonso na Shida, kuma a 1561 sarki Filibus na Biyu ya mayar da fadarsa can. Guntun ganuwar nan ya daɗe a ɓoye a ƙarƙashin gine-gine, sai a shekarun 1950 aka tono shi.

Abu biyu nake so mu riƙe. Na farko, ashe birnin da duniya ke tururuwar gani a yau, asalinsa sansanin bakin iyaka ne na Musulmi. Na biyu, mutanen da ba addininsu ba ne, ba kuma kakanninsu suka ɗora duwatsun ba, su ne suka kewaye guntun katangar, suka rubuta bayani, suka sa wa wurin sunan wanda ya gina ta. To, yaya mu da muke jikokin waɗanda suka gina namu?

Me ya kai Bello Wurno?

Irin wannan sansani na bakin iyaka shi ake kira ribaɗi a Musulunci. Kalmar ta zo a ayar ƙarshe ta Suratu Ali Imrana tare da umarni da haƙuri, kuma hadisai ingantattu sun zo da falala mai girma ga wanda ya kwana yana gadin iyakar Musulmi. Sunan Rabat, babban birnin Maroko, daga wannan kalma yake.

Tarihin da muka sani shi ne, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. A 1809 ɗansa Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato, Shehu ya dawo cikinta daga Sifawa a 1815, ya rasu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Mai karatu zai iya zaton cewa daga nan sai hutu. Ina! Faɗuwar Alƙalawa ba ta kawo ƙarshen yaƙi ba. Gobirawa sun sake haɗa ƙarfi a arewa maso gabas, sarakunan Katsina da aka kora sun kafu a Maraɗi, ga Zamfarawa, ga Kabawa ta yamma, ga Azbinawa waɗanda yau suna tare da kai gobe suna tare da abokin gabarka. Shekaru 20 na mulkin Bello kusan duk a kan sirdi suka ƙare.

A cikin wannan hali ne ya ɗauki tsarin kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyakoki, yana ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa da amintattunsa a kansu. A wajejen 1830 ya gina Wurno a kan gulbin Rima, ya zaɓe ta ta zama nasa ribaɗin. Sakkwato tana nan a matsayinta na cibiyar daula, ga kabarin mahaifinsa, ga masallatai, ga kasuwa, ga malamai, amma Sarkin Musulmi ya kwashi iyalinsa ya matsa gaba, wajen da haɗari ke fitowa. Daga wannan zama ne ya fita yaƙin Gawakuke a 1836, inda ya karya rundunar haɗin gwiwa ta Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa. Shekara guda bayan nan, a 1837, wato 1253 Hijiriyya, ya rasu a Wurno, aka binne shi a can. Wasu daga cikin magadansa, musamman ɗansa Aliyu Babba wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, sun ci gaba da zama a garin, har ya zama duk mai son ganin Sarkin Musulmi sai ya nufi Wurno.

Kada kuma a ɗauka ribaɗi a wurin Bello barikin soja ne kawai. Gari ne sosai, da masallaci da makaranta da alƙali da kasuwa da masu sana'a. Ya yi ta jawo Fulani makiyaya su zauna wuri guda, su koyi karatu, su yi noma, su kiwata dawaki da raƙuma da tumaki, su shiga ƙarƙashin shari'a ɗaya da manoma. A ganinsa, mutumin da aka bari a daji babu ilimi babu alƙali, shi da wanda ke cikin gari duka ba za su samu barci ba.

Abin da ƙafa ta gani

Ni ɗan Gandi ne. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya taɓa kai ni Wurno ina yaro, abin da na riƙe na wannan tafiya bai wuce ƙosan da ya saya mini a tasha ba. A watan Janairun 2017 na sake komawa ni kaɗai, da ɗan littafin rubutu a aljihu, da niyyar ba zan hau komai ba daga tasha har in gama zagayena. 'Yan acaɓa suka yi ta kira, na ce musu na gode.

Abu na farko da ƙafa ta gaya mini shi ne, garin a kan tudu yake. Wanda ke kan babur ba zai kula da wannan ba sai dai ya ji inji ya ƙara ƙara. Na bi ta cikin tsofaffin unguwanni, inda hanya ke ƙuntata har mutum biyu su gogi kafaɗar juna, ga katangun ƙasa, ga zauruka masu duhu da sanyi, ga muryar almajirai tana fitowa daga wani gida, ga ƙarar daka daga wani. Iskar hunturu tana kaɗawa, ƙura ta sa rana ta yi fari kamar faifai. Na yi ta tafiya har na fito bakin tudun, sai ga fadama shimfiɗe a ƙasa, kore shar a tsakiyar rani, iya ganinka: albasa, tafarnuwa, shinkafa, ga manoma kamar tururuwa a tsakanin kwamai, ga ƙarar injin ban-ruwa daga nesa.

A nan na tsaya na daɗe, domin abin da na sha karantawa ya zama abin gani da ido. Tudu yana ba ka damar hango mai zuwa tun yana nesa. Fadama tana ba ka abinci da ruwa da ciyawar dawaki, ko da an tsare ka wata da watanni. Shi kuwa kwarin Rima, wanda ya gangaro daga arewa maso gabas ta Goronyo kafin ya haɗu da gulbin Sakkwato kusa da birnin, shi ne buɗaɗɗiyar hanyar da rundunar Gobir za ta biyo idan ta nufi Sakkwato. Wato dai Wurno ƙyaure ce, Bello kuma ya shimfiɗa tabarmarsa a bakin ƙyauren.

Na tarar da wani dattijo a gindin bishiya yana gyaran igiya. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, don Allah ta ina ganuwar garin nan ta bi a da?" Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ɗiyana, daga ina kake?" Na ce daga Gandi. Ya ce, "To, ai kai na gida ne, zamna." Ya ɗaga sandarsa ya yi ta nuna mini: ta nan ta bi, ta can ta karkata, nan kuwa gidaje sun hau kanta. Sa'an nan ya ce, "Mutanen da sunka gina garin ga ba barci ya kawo su ba. Ku yaran yanzu kun iske inuwa, ba ku tambayar wa ya dasa icce." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Na rubuta abin da ya nuna mini, ina tunanin cewa a Landan da allo ne zai yi wannan aiki, mu kuwa allonmu shi ne wannan tsoho, kuma allon da ke numfashi ba ya dawwama.

Daga nan na nufi hubbaren Bello. Na cire takalmi, na yi sallama irin wadda Manzon Allah (SAW) ya koyar a yi wa ma'abota kaburbura, na roƙa masa gafara da rahama, shi da waɗanda ke kwance kusa da shi. Ziyarar kabari, kamar yadda malamai suka karantar da mu, don tuna lahira ce da yi wa mamaci addu'a. Roƙo kuwa Allah kaɗai ake yi wa. Na zauna daga gefe ina tuna wane ne wannan da ke ƙarƙashin ƙasa.

Wannan shi ne wanda ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, littafin da har yau duk mai binciken tarihin jihadi ba ya wuce shi, wanda a ciki ya kawo musayar wasiƙunsu da Shehu Muhammadul Amin al-Kanemi na Barno, har da hujjojin da aka kafa a kansu, bai ɓoye ba. Ya yi rubutu a kan siyasa da fiƙihu da tasawwufi, har da magungunan cututtuka. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya iso Sakkwato a 1824 ya kuma dawo a 1826, ya ba da labarin yadda Bello ya yi masa tambayoyi a kan ƙungiyoyin Kiristanci na dā, har shi baƙon ya rasa amsa, da yadda ya yi murna da kyautar littafin lissafi na Iƙlidis cikin Larabci, domin kwafin da suke da shi ya ƙone a gobara. Mai irin wannan ilimi da irin wannan mulki, da ya so, da yana kwance a Sakkwato kusa da mahaifinsa. Ga shi nan a bakin iyaka, inda ajali ya same shi yana gadi.

Na kuma tuna 'yar'uwarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864), matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, wadda ta yi masa marsiyya bayan rasuwarsa, ta kuma yi waƙa a kan nasarar Gawakuke. Ita ce ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda mata daga ƙauyuka suke tasowa a ƙasa, a ƙarƙashin jagorancin jaji, su zo su ɗauki karatu su koma su koyar da 'yan'uwansu. Ke 'yar'uwa mai karatu, hanyoyin nan da muke raina wa, kakanninki sun taka su da ƙafa don neman ilimi, tun babu kwalta babu mota.

Dajin Gundumi, jiya da yau

Wani abin lura shi ne, Turawan da muke marmarin ganin biranensu, magabatansu sun sha ƙishirwa don su ga namu. Clapperton bai koma gida ba, a kusa da Sakkwato ya mutu a 1827. Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya iso Wurno a 1853 zamanin Aliyu Babba, ya zauna makonni, ya bayyana garin da kewayensa, ya kuma haɗu da malamai irin su Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu, wanda ya yaba wa iliminsa ƙwarai. Kafin ya iso sai da ayarinsu ya ratsa dajin Gundumi, suka yi yini da dare suna tafiya ba hutawa, saboda tsoron mahara da rashin ruwa.

Dajin Gundumi! Duk ɗan gabashin Sakkwato da ya ji wannan suna a shekarun nan, ya san abin da ke zuwa masa a rai. Dajin da ya tsorata ayari a 1853 shi ne ya koma ɗaya daga cikin maɓoyar 'yan bindiga a zamaninmu. A watan Yuli na 2018 aka kai hari Tabanni da ƙauyukan da ke kewaye, a gundumarmu ta Gandi, aka kashe mutane da dama, waɗanda suka tsira suka kwararo cikin Gandi. Na ga mata da ƙananan yara a azuzuwan makaranta, kowa da ɗan ƙullin abin da ya iya ɗauka, wasu ko takalmi babu. Su ma tafiya suka yi da ƙafa, amma ba ta yawon buɗe ido ba. A watan Oktoba na 2021 kuma aka buɗe wa mutane wuta a kasuwar Goronyo, gomman rayuka suka salwanta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu.

Tun daga lokacin, duk sa'ad da na tuna tsayuwata a bakin tudun Wurno, sai in ga ashe ba kango na je kallo ba. Tambayar da Bello ya fuskanta ita ce muke fuskanta: yaya za a yi talaka ya kwana lafiya a gefen daji? Amsarsa kuwa tana nan a rubuce da ƙasa da duwatsu. Shugaba ya matso kusa da inda ake kuka, har ya zama abin da zai sami talaka zai iya samunsa. A kai makaranta da alƙali da kasuwa har bakin daji. A jawo makiyayi cikin jama'a, a ba shi haƙƙinsa, a karɓi na wasu daga hannunsa. Zamani ya canja, makamai sun canja, daula ma ba ita ba ce, tun da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Kuma ba ina kiran kowa ya ɗauki doka a hannunsa ba ne, tsaro aikin hukuma ne. Amma matashin da ya san cewa an taɓa yin shugaban da ya bar kwanciyar hankalin birni ya koma bakin iyaka, ya sami ma'aunin da zai auna duk mai zuwa neman ƙuri'arsa. Wanda bai san an taɓa yi ba, sai a ce masa ba ya yiwuwa, ya yarda.

Wannan ita ce hasarar da ke cikin mantuwa. Idan tsoron hanya ya hana yara zuwa, tsofaffin da suka san inda ganuwa ta bi suka ƙare, za a wayi gari Wurno ta zama sunan ƙaramar hukuma kawai, kamar yadda Raba take neman zama a wurin wasu, alhali garin Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba ne, ɗan Bello, wanda ya yi sarauta daga 1873 zuwa 1877, kuma mahaifar jikansa Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa.

Ga wanda ya yi niyya

Ina da 'yan shawarwari ga ɗan'uwa ko 'yar'uwar da ke son yin irin wannan tafiya.

Na farko, a tambayi halin da hanya take ciki kafin a tashi, a wurin direbobi da mutanen gari, a tafi da rana a dawo da rana. Kare rai wajibi ne, ziyara ba wajibi ba ce. Idan hanya ba ta yi ba, a jinkirta.

Na biyu, wanda Wurno ta yi masa wuya, Sakkwato ma ta isa makaranta. Cikin yini guda mutum zai iya takawa daga Hubbaren Shehu zuwa Masallacin Shehu da Masallacin Bello da ƙofar fadar Sarkin Musulmi, ya bi sawun tsofaffin ƙofofi irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Kware da Ƙofar Taramniya da Ƙofar Atiku, yana tambayar ina kowace take fuskanta, su wa ke shigowa ta cikinta. Ya leƙa gidan adana tarihi mai ɗauke da sunan Waziri Junaidu, malamin da ya rayu daga 1906 zuwa 1997 yana tattara tarihin daular nan, ya kuma tsaya a Giginya, inda aka yi karon 1903.

Na uku, a yi karatu kafin a tafi. Ido ba ya ganin abin da zuciya ba ta san da shi ba. Wanda bai san ma'anar ribaɗi ba, tudu kawai zai gani a Wurno.

Na huɗu, a tafi da ladabi. Waɗannan wurare gidajen mutane ne, ba wurin wasa ba. A yi sallama, a gaida manya, a nemi izini kafin ɗaukar hoto, musamman inda mata suke. Idan lokacin salla ya yi, a bi jam'i tare da mutanen unguwa, sau da yawa a ƙofar masallaci ake samun wanda ya san labari.

Na biyar, wayar nan da ke hannunka, wadda kake kallon titunan Rum a cikinta, tana iya naɗar muryar kakarka. Ka zauna da tsofaffin garinku, ka tambaye su sunayen unguwanni da rijiyoyi da maƙabartu da tsangayu, wa ya kafa, daga ina ya zo. Ka rubuta ranar da ka ji da wanda ya faɗa maka, ka bambance abin da ya gani da idonsa da abin da aka ba shi labari, kamar yadda malaman hadisi suka koya mana kula da isnadi. Idan samari biyar a kowane gari, daga Gandi zuwa Goronyo, suka yi haka na shekara guda, za mu tara abin da babu wani baƙo da zai zo ya tara mana.

Wanda Allah Ya hore masa zuwa Madrid ko Istanbul ko Ƙurɗuba, ya je, ya taka, ya lura, ya dawo ya ba mu labari. Amma zai fi fahimtar guntun ganuwar Muhammadu na Ɗaya idan ya riga ya tsaya a bakin tudun Muhammadu Bello, kuma idan aka tambaye shi a can daga ina yake, zai sami abin faɗa.

Allah Ya jiƙan Shehu da Abdullahi da Bello da Nana Asma'u da sauran magabatanmu, Ya saka musu da alheri. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Gandi da Raba da Wurno da Goronyo da Isa da Sabon Birni da sauran ƙasarmu baki ɗaya, Ya ba mu shugabanni masu kwana kusa da talakawansu, Ya sa mu cikin masu tafiya da idon basira. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.